Aiki lafiya lau, ranka ya daɗe

Na shafe fiye da shekara goma ina faɗin wannan magana ga duk babban da ya zo duba aiki, kuma ban taɓa ɗaukarta ƙarya ba. A wurina gaisuwa ce. Haka muka taso muka tarar. Mutum yana kwance zazzaɓi na jijjiga shi, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Sai da ruwa ya ɗauke mana kwalbati a ƙasar Auyo, ya yanke ƙauyuka uku daga titi har ƙarshen damina, sannan na san cewa a bakin aiki gaisuwar nan tana iya cin dukiya, kuma saura ƙiris ta ci rai a gaban idona.

Ni fomen ne, mai kula da birkiloli da leburori a wurin gini. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maginin ƙasa ne, irin masu soro da azara da shafen makuba. Shi ya koya mini riƙe igiya da gane karkatar bango da ido. Shi ne kuma ya koya mini cewa ba a kallon babba tsakiyar ido, ba a katse masa zance, in ya yi kuskure ba a ce masa ka yi kuskure, sai dai a kewaya a kewaya har ya gano da kansa. Na yi allo, na gama firamare, daga nan sai ci-rani a Kano. Shekara huɗu kwanon sarki na kaina ina hawa bene da kankare, kafin wani maigidana ya miƙa mini cokalin gini. Daga birkila na zama fomen. Hannuna ya koyi siminti da rodi, amma bakina yana nan yadda Baba ya bar shi.

A ranin 2018 kamfanin da nake wa aiki ya samu kwangilar wata hanyar marmara, 'yar gajeriya, da za ta fito da manoman shinkafa da albasa zuwa titin kwalta. Ga yadda tsanin yake. Can sama akwai Alhaji mai kamfanin, yana Kano. Ƙarƙashinsa manajan ayyuka, wanda ke zagaya wuraren aiki huɗu ko biyar a mako. Sai injiniyan wurin, matashi mai ladabi da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Sai ni. A gefe guda kuma ga injiniyan masu aikin, wato waɗanda suka ba da kwangilar, wanda sai ya sa hannu ake biyan kuɗi.

Hanyar ta ratsa wani kwari. Da rani ba abin da za ka gani a cikinsa sai rairayi da sawun shanu. Zane ya ce a sa bututun kankare guda ɗaya, mai faɗin baki milimita 900, wato bai kai mita ɗaya ba. Muna cikin haƙa sai ga wani dattijo ya taho a hankali yana dogara sanda. Ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ramin ya daɗe yana leƙe. Ya ce, "Ɗana, wannan shi kaɗai za ku sa?" Na ce, "Haka takarda ta ce, Baba." Bai tanka ba. Ya kama hannun rigata ya ja ni gindin wata tsamiya, taku kamar hamsin daga ramin, ya ɗora yatsa a jikinta daidai ƙirjina. Ɓawon da ke ƙasan yatsansa launinsa daban ne da na sama, kamar an shata layi, ga busasshiyar ciyawa har yanzu maƙale a wani ɗan reshe. Ya ce, "Nan yake kaiwa in ya zo da fushi. Waɗanda suka zo awo da rani suka zo, ba wanda ya tambaye mu."

Na san gaskiya ya faɗa, domin ni ma ɗan bakin kogin nan ne. Ruwan Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su gangaro mana. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwa ya daina yankewa da rani kamar da. Wannan ya amfani masu noman rani, ba musu, amma ya ba kachala, doguwar ciyawar nan mai tsirowa cikin ruwa, wurin zama. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, hanya ta toshe. Ruwa kuwa ba ya tsayawa jiran a buɗe masa, sai ya nemi wata mafita, ya faɗa kwarin da a da ba ya ɗaukar komai sai ruwan sama. Wanda ya zo da na'urar awo a watan Maris ba zai ga wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da yamma na sami injiniya a inuwar kwantena na faɗa masa. Ya saurare ni sosai, har muka je gindin tsamiyar tare. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, zanen nan daga sama ya zo, kuma an riga an yanke kuɗinsa. Amma zan taɓa wa manaja." Ya taɓa masa ɗin. Daga baya na ji abin da ya isa kunnen manaja: wai mutanen gari suna cewa wurin yana ɗan tara ruwa. Abin da ya isa kunnen Alhaji daga manaja kuwa, babu. Magana ta tashi daga bakin dattijo da kauri kamar kunun tsamiya, kowane mataki ta hau sai a ƙara mata ruwa, har ta isa sama ba a gane ko me aka dama. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Kowa dai ba ya son ya zama shi ne ya kai wa na gaba da shi labarin ƙarin kuɗi.

Allah kuma ya ba ni dama da kaina. Kwana biyu kafin mu zuba kankaren gindin bututu, Alhaji ya biyo ta wurin a hanyarsa ta zuwa Haɗeja. Mota ta tsaya, ƙura ta lafa, gilashi ya sauka. Na cire hula ta aiki na russuna. Ya ce, "Fomen, yaya aiki?" Na ce, "Aiki lafiya lau, ranka ya daɗe." Ya ce, "Ba wata matsala?" Zuciyata ta buga. Ga tsamiyar can ina hango ta ta saman motarsa. Na ce, "Babu, ranka ya daɗe, sai dai wurin nan an ce ruwansa yana da ɗan ƙarfi da damina." Ya ce, "To, Allah ya kawo sauƙi. Ku dai yi sauri kafin ruwa ya sauka." Ya miƙo kuɗin goro a raba wa yara, gilashi ya hau. Duka-duka bai fi minti uku ba. Na koma bakin rami ina gaya wa raina cewa na sauke nauyi, na faɗa, kukan kurciya ma ai jawabi ne.

Aikin kam mun yi shi da kyau, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Kwaɓin ɗaya, biyu, huɗu: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Mun shayar da shi ruwa kwana bakwai safe da yamma, mun danne ciko da kyau. Amma ingancin kankare ba ya faɗaɗa bakin bututu.

Daminar 2018 ba sai na ba mutumin gabashin Jigawa labarinta ba. Da ruwa ya taho, ya tarar da hanyarmu ta tare masa gaba kamar madatsa, ga ƙofa ɗaya 'yar ƙarama. Ya taru a baya har ya shiga gonakin da ba ya shiga. Cikin dare ya haura saman hanyar, ya fara cin cikon ta baya. Kafin asuba ya yanke ta. Da na iso da safe a kan babur, bututun da muka sha wahalar ɗorawa yana can gefe a kwance, rabinsa cikin laka, ruwa na wucewa ta inda hanya take jiya.

Ina tsaye a bakin wurin sai ga mutane daga ɗaya gaɓar, su shida, sun ɗauko wani a kan ƙyauren ɗaki. Za su kai shi asibiti Haɗeja, mota na jira a ɓangarenmu. Suka shiga ruwan, ya kai musu ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ƙafar na gaba ta zame, ƙyauren ya karkata, mata a gaɓa suka sa salati. Na faɗa ruwan da takalmina, muka tallafe. Sai da muka fito muka ajiye shi na ga fuskar. Dattijon nan ne. Jikinsa zafi kamar garwashi, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya buɗe ido ya gane ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi a hankali, "Ɗana, ka kuwa gaya musu?" Na ce, "Na gaya musu, Baba." Ya gyaɗa kai ya lumshe ido, aka sa shi a mota.

Ya warke daga wannan ciwon, alhamdu lillahi. Amma amsar da na ba shi ta hana ni barci kwana da kwanaki, domin na san rabin gaskiya ce.

Bayan mako guda aka kira mu ofis a Kano. Ban taɓa shiga ofishin Alhaji ba sai ranar. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Duk cikinku ba wanda ya san haka za ta faru?" Manaja ya sunkuyar da kai, injiniya ma haka. Ni kuma ban san inda ƙarfin ya fito ba, na ce, "Ranka ya daɗe, na faɗa maka." Ya juyo. "Yaushe?" Na tuna masa ranar. Ya ce, "Maimaita mini abin da ka ce, kalma da kalma." Na maimaita: an ce ruwansa yana da ɗan ƙarfi da damina. Ina faɗa ina jin maganar da kunnena, ba komai a cikinta. Ba tsawo, ba faɗi, ba abin da zai faru, ba abin da nake so a yi. Alhaji ya ce, "Bawan Allah, ina da aiki a wuri biyar. Kullum sai na ji ɗan kaza, ɗan kaza, sau goma. A ina ne a Jigawa ruwa ba shi da ƙarfi da damina? Da ka ce mini, Alhaji, in aka sa bututun nan hanya za ta yanke, wallahi da na fito daga motar."

Na yarda da shi, har yau kuma na yarda. Ba wai ba shi da nasa kason ba. Babban da ke duba aiki ta tagar mota ya rage wa kansa abin da zai ji. Amma ni ne na ga zanen ruwa a jikin tsamiya, ba shi ba.

A ranar ne na fahimci asarar ta fuskar kuɗi. Da an rubuta wa masu aikin takarda kafin a zuba kankare, aka ce zanen nan bai dace da wurin ba, ga dalili, to da dole su duba. In sun amince, canjin zane ne, su za su biya ƙarin. In sun ƙi, takarda na nan ta zama shaida. Tun da ba rubutu ko layi ɗaya, sai magana ta koma ja-in-ja: su suna cewa cikonmu ne bai dannu ba, mu muna cewa bututunsu ne ya yi kaɗan. Aka riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin kwangila da ake ajiyewa har wa'adin gyara ya cika, biyan da ke gaba ma ya tsaya wata da watanni. Leburorina, masu jiran kuɗin mako su auni masara, su suka fara ji a jikinsu.

Da muka fito, mai ƙididdigar kayan gini na kamfanin, wani dattijo mai furfura da ya yi aikin gwamnati ya yi ritaya, ya ce in biyo shi teburin mai shayi. Ya sa aka haɗa mini, ya bar ni na sha rabi, sannan ya ce, "Ƙanena, ka san me babba yake yi tun safe har dare? Yanke hukunci. A saya ko kar a saya, a tsaya ko a ci gaba. In ka kawo masa damuwa tsirararta, ka ƙara masa kaya ne kawai, zai ce Allah ya sawwaƙe ya wuce. Kawo masa abin da zai yanke." Ya ɗauki takardar da aka naɗe burodi ya juya bayanta, ya ce in faɗa masa maganar kwalbatin kamar yau ne za a zuba. Na fara da yadda dattijo ya zo da sanda. Ya ɗaga hannu. "Wannan labari ne, ka ajiye shi sai an tambaya. Fara da abin da zai faru." Na ce hanya za ta yanke. Ya rubuta. "Me ka gani da idonka?" Zanen ruwa a bishiya, daidai ƙirji. "Ƙirjin wa? Naka ko na yaro? Sa tef ka auna." Ya tambayi me nake so a yi, zai ci kamar nawa, zuwa yaushe nake bukatar amsa. Da ya gama, duk maganar ba ta wuce layi biyar ba. Ya miƙo mini ya ce, "Ka ga ranka ya daɗe ta hana ka faɗin ɗaya daga cikin waɗannan? Sa ta a farko, sa ta a ƙarshe, amma tsakiyar ta zama dutse."

Takardar burodin nan tana cikin akwatina har yanzu.

Na sayi littafi mai bango mai tauri. Rubutun bokona ba shi da sauri, don haka da ajami nake rubutawa a wurin aiki: kwanan wata, buhu nawa ya shigo, nawa aka kwaɓa, tifa nawa ta sauke, wa ya ba da umarnin me. Da dare 'yata ta fari, wadda ke sakandare a lokacin, ta mayar mini da abin da za a tura zuwa boko. Ita ta koya mini ɗaukar hoto da waya yadda zai yi magana: a kafa tef ko a tsayar da mutum a gefe don a ga girman abu, a ɗauko daga nesa sannan a matso. Saƙon murya a WhatsApp kuma na horar da kaina kar ya wuce minti ɗaya, domin na lura wanda ya kai minti biyar ba a buɗe shi sai an kwanta, in ma an buɗe.

Sai kuma na zarce. Wanda ruwa ya taɓa ci, ko sawun kaza ya ga ya cika sai ya tattare wando. Na koma kiran Alhaji kai tsaye a kan komai, har jinkirin tifar yashi. Mafi muni, wata rana injiniyan masu aiki ya zo duba rodin wani gini, a gabansa da gaban leburori na ce tazarar da injiniyanmu ya sa a ɗaura ba daidai ba ce. Gaskiya na faɗa, an kuma gyara. Amma yaron nan ya yi sati biyu ba ya haɗa ido da ni, ya daina nuna mini zane, aiki ya koma kowa na ɓoye wa kowa. Na same shi bayan sallar isha na ba shi haƙuri. Ya ce, "Malam, da ka ja ni gefe, da ni da kaina zan faɗa musu." Nan na ga cewa tarbiyyar Baba ba ita ce ta cuce ni ba. Ja gefe, sassauta murya, rufa wa mutum asiri, duk suna nan da amfaninsu. Abin da na haɗa da su ba tare da na sani ba shi ne rage wa gaskiya nauyi, shi ne ya kamata in yar. Tun daga ranar muka yi yarjejeniya: duk abin da na gani shi zan fara gaya wa, mu rubuta tare, ya tura da sunansa. In kwana biyu suka wuce ba amsa kuma abin na iya rushe gini ko ya taɓa rai, zan kira sama, amma da saninsa.

An sake kwalbatin a rani na gaba, mai siffar akwati, ƙofa biyu manya, da katangun fuka-fuki da jeren duwatsu a bakin fita don kar ruwa ya ci gindi. Kafin a zana, ni na raka masu awo wurin maigari, aka tara dattawa suka nuna duk inda ruwa ya taɓa kaiwa. A ambaliyar 2022, wadda ta fi ta 2018 ɓarna a Jigawa, ruwa ya sake haurawa saman hanyar ya kwashe marmara, amma kwalbatin bai motsa ba. Da ruwa ya janye, tifa kaɗan aka zuba motoci suka ci gaba da wucewa.

Jarrabawar da ta fi tsaya mini a rai ta zo a farkon 2024. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, sai ga buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Muna ginin ajujuwa da katanga a wani ƙauye ta wajen Kafin Hausa, kwangilar kuwa da tsohon farashi aka sa mata hannu. Umarni ya zo ta waya cewa a ƙara yawan bulon da ake cirewa a buhu. Mu muna buga talatin na inci tara, aka ce a kai arba'in da biyar. Na san ba mugunta ba ce, mutum ne ya ga asara na tunkaro shi. Amma ajin nan yara za su zauna a ciki, ƙasar wurin kuma baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani.

Na gaya wa injiniya, muka buga goma a sabon kwaɓin muka shayar da su yadda ake yi. Da suka bushe na ɗaura ɗaya na tsohon kwaɓi da ɗaya na sabo a bayan babur, na hau mota daga Kafin Hausa zuwa Kano da su a buhu. Ban je ofis ba, domin akwai mutane. Na jira Alhaji a ƙofar gida bayan la'asar. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi nawa. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, minti biyar nake roƙo, a cikin gareji." Na fito da bulon farko na ɗaga daidai ƙirji na saki a kan daɓe. Ya yi ƙara, kusurwa ɗaya ta ɓalle, ya tsaya. Na ɗaga na biyu na saki. Ya watse, gari ya fallatsa har kan takalminsa. Na durƙusa na ɗebi ɓarɓashin na murza a tafin hannu ya koma yashi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da wannan aka ce in ɗora aji. In na ɗora, ba na jin zai ga damina uku bai tsage ba, kuma yara ne a ƙasa. Ga lissafi: ragin zai tsirar da buhu kaza, injiniya ya rubuta a nan. Hanya biyu muka hango. Ko a bar ajujuwa a kan talatin a dakatar da katanga, a rubuta wa masu aiki a nemi duba farashi. Ko a tsayar da komai har su amsa. Masu buga bulo suna jira, ina bukatar maganarka kafin Asabar." Bakina na rawa, amma ban janye ko kalma ɗaya ba, idona kuma yana kan takardar, ba a kan fuskarsa ba.

Ya daɗe yana kallon garin da ke kan takalminsa. Ya ce, "Ajujuwa a bar su a talatin." Na ce Allah ya ƙara girma. Ya ce, "Amma katanga ba za ta tsaya ba, wa'adi ya matso. A buga nata arba'in." Ban so ba, na kuma gaya masa ban so ba, sau ɗaya. Ya ce ya ji, haka dai za a yi. Na roƙi a ƙara ginshiƙan kankare a jikinta, a rage tazararsu, ya amince. Hukunci nasa ne, shi ke ɗauke da bashin banki da albashin mutane, akwai abin da yake hangowa daga inda yake zaune wanda ni ba na gani daga bakin rami. Na rubuta a littafina yadda muka yi da kwanan wata, injiniya ya tura masa a rubuce a daren, ya amsa da kalma ɗaya: Na'am.

Dattijon tsamiya ya rasu bara. Na je gaisuwa, na bi ta kan kwalbatin, na tsaya na leƙa ƙofofinsa, na ga kachala ta fara tsirowa a bakin ɗaya. Na sanar da maigari a sa matasa su sare kafin ruwa ya sauka.

Yanzu muna ginin ƙaramin asibiti a wani ƙauye ta gabas da Jahun. Shekaranjiya da muka haƙa harsashi, a kusurwar arewa ƙasa ta canza, muka faɗa kan tsohon kududdufi da aka cike da shara, sanda tana nutsewa har gwiwar hannu ba tare da an danna ba. Na kira injiniya muka auna tsawon wurin, mita shida. 'Yata ta yi aure, yanzu ƙanenta ne ke rubuta mini. Ga abin da muka tura jiya Juma'a da yamma, da hoto uku: "Ranka ya daɗe, barka da Juma'a. Kusurwar arewa ba za ta ɗauki gini a zurfin da zane ya ce ba, tsohon kududdufi ne, mita shida. In aka zuba haka bango zai zauna ya tsage. Muna neman izinin ƙara zurfi har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, da rubuta wa masu aiki yau. Mun dakatar da zubin wannan ɓangaren zuwa Litinin. Allah ya ƙara lafiya."

Alamar ta nuna ya karanta tun daren jiya, bai amsa ba tukuna. Na mayar da leburori ɗaya ɓangaren suna shayar da bulo, na sa an kewaye ramin arewa da igiya da ƙaya saboda awaki da yara. In azahar ɗin gobe ta yi shiru, injiniya zai kira manaja, ni kuma in kira Alhaji.